Majami'ar Wusasa Da Sauran Abin Da Ya Rage Na Hannun Maginan Hausa

 

Ran Jumma'a 11 ga Agusta, 2023, cikin watan Muharram na 1445, jama'a na tsakiyar sallar La'asar a babban masallacin birnin Zariya, sai wani sashe na tsohon ginin ya rufto a kan sahu. Aƙalla mutum bakwai suka cika, waɗansu da dama suka ji rauni. Allah ya ji ƙansu, ya karɓi shahadarsu, gama wanda gini ya faɗa wa yana cikin waɗanda hadisi ya lissafa a jerin shahidai. Mai martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa tun jiya-jiyan abin aka ga tsaga a bango, ana shirin kiran masu gyara ke nan ƙaddara ta riga fata.

Hasarar rai ba ta da makwafi. Amma akwai wata hasara ta biyu da ba a ambata ba a kwanakin ta'aziyya, don ba lokacinta ba ne. Ginin nan ba kamar kowane gini ba ne. An ɗora shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shi ne kuwa tushen gidan Katsinawa cikin gidajen sarautar Zazzau. Maginin da ya yi aikin Malam Mika'ilu ne, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Da ƙasa da azara kaɗai ya ta da ginshiƙai, ya ɗaure bakan gizo bisa bakan gizo, har masana gini na ƙasashen Turai suka riƙa zuwa suna aunawa, suna zanawa cikin littattafansu. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti, tsohon ya zauna a ciki kamar takobi cikin kube.

'Yan'uwansa sun daɗe da tafiya. An rushe tsohon masallacin ƙasa na Kano aka buɗe na dutse da siminti a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Masallacin Shehu da na Bello a Sakkwato an sāke su a zamanin Sardauna. A Katsina hasumiyar Gobarau ce ta rage, tana tsaye ita kaɗai ba masallacinta. Akwai soraye masu kyau a fadojin sarakuna, amma ba kowa ke kutsa kai can ba. Saboda haka wanda ya ke so ya tsaya ƙarƙashin rufin ƙasa mai faɗi, irin wanda aka yi domin taron jama'a, wuraren da za shi sun yi ƙaranci ƙwarai. Ɗaya daga cikinsu yana Wusasa, bayan ganuwar Zariya. Ba kuwa masallaci ba ne, majami'ar Nasara ce.

Mutumin Sukuntuni, ko Kankiya, ko Kusada, in ya tasam ma Zariya hanya biyu gare shi. Ko ya bi ta Kano, ko kuwa ya ratse a Yashe ya bi ta Malumfashi da Funtuwa, hanyar da fataken hatsi da na auduga suka fi sani. Wusasa tana yamma da birni, daura da dutsen Kufena, ba nisa da Ɗan Magaji inda motocin Kaduna ke sauke mutane. Sunan majami'ar St Bartholomew, watau Bartalamawas, ɗaya daga cikin mutum goma sha biyu da Nasara ke lissafawa Hawariyawan Annabi Isa, aminci ya tabbata a gare shi.

Majami'un Nasara ba daraja ɗaya su ke ba. Wadda babban limaminsu na yanki, watau bishop, ya ke da kujera a cikinta ita su ke kira katidiral, asalin kalmar kuwa sunan kujera ne a harshen Yunanawa. Kusan dai kamar bambancin masallacin unguwa da na Jumma'a. Ta Wusasa ta sami wannan matsayi a shekarun 1990, sa'ad da aka ba yankin bishop nasa na ɗariƙar Angilika. Ginin kansa ya girmi wannan matsayi nesa, kuma labarin yadda ya zo wurin ya isa a tsaya a ji shi.

A 1900, Turawa ba su riga sun ci ƙasar Hausa ba, waɗansu mutum biyar na ƙungiyar mishan ta Ingila da a ke kira C.M.S. suka taso daga Ikko da nufin Kano. Jagoransu Bishop Tugwell ne, cikinsu kuma akwai wani saurayin likita, Walter Miller, wanda Zagezagi suka laƙaba wa Likita Mila. Shi wannan ya riga ya zauna a Tarabulus ya koyi Hausa wajen alhazai da fatake masu ratsa Sahara. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da sakin fuska, amma da suka isa Kano, Sarki Alu ya ce bai kira su ba, ya yanka musu kwanaki su bar masa gari. Suka juyo suka yada zango a Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu ya mutu, sauran kuma ciwo ya watsa su. Mila ne ya nace. Bayan Zariya ta shiga hannun Turawa a 1902, Kano da Sakkwato a 1903, sai ya sami izinin zama a cikin birni a 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. A Durumin Maigarke ya kafa ɗakin magani da 'yar makaranta.

Zaman nan bai yi wa kowa daɗi ba. Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba, don haka Razdan-Razdan da yawa ba su son ganin mishan cikin birnin Musulmi. Sarki Aliyu, malami ne mawaƙi mai kaifin harshe, shi da Mila ba su sha inuwa ɗaya ba, masu tarihi ma su kan lissafa ƙarar da Mila ya riƙa kaiwa cikin abubuwan da suka jawo aka tuɓe shi a 1920, aka kai shi Lakwaja. Ta wajen wa'azi kuwa, gaskiyar magana ita ce Mila ya shekara ashirin da wani abu a birni bai sami abin da ya zo nema ba. Mutane suka karɓi maganinsa, suka yi masa godiya, suka ci gaba da sallarsu.

Waɗanda suka ƙara masa jama'a daga wani wuri dabam suka fito. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa cikin ambaton Annabi Isa har ya fita daga abin da malamai suka haɗu a kai, aka yanke masa hukuncin kisa a kasuwar Kano wajen 1867. Almajiransa, waɗanda a ke ce wa Isawa, suka watsu wajen Ningi da gabashin Zazzau. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Mila, aka tara su a wani ƙauye, Gimi. Ba su daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu ya kashe da yawa. Yaran da suka tsira aka kawo su Zariya.

A ƙarshe, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Kwasau, aka daidaita cewa mishan ta fita daga birni a ba ta fili a waje. A 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa ƙarƙashin wani Bature, Guy Bullen. Mila bai so ƙaurar ba, ya koma Kano, daga baya Bukuru, ya mutu a 1952. A sabon wurin aka gina makaranta, da asibitin St Luke, da wannan majami'a. Gari ƙarami ne, amma ilmin boko ya riga sauran wurare sauka a nan, sai ya fid da mutane sanannu: Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi da Dokta East, da Janar Yakubu Gowon, wanda a nan ya tashi.

To, abin da ya kamata a lura da shi shi ne, Turawan nan suna da ikon su ɗora gini irin na ƙasarsu. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Zariya tun kusan shekara ashirin kafin nan, kwanon rufi da siminti suna zuwa daga Ikko. Amma jama'ar Wusasa Hausawa ne da Filani, da Hausa su ke ibadarsu, sai aka zaɓi a yi musu ɗaki da ƙasar wurin, bisa tsarin da maginan Zazzau suka gada. Mai ziyara da ya fito daga ƙauyen Katsina, in ya hango ta daga nesa, ba zai ga baƙon abu ba. Bango ne mai kauri, faɗi a ƙasa yana tsukewa sama, kamar zauren wani hakimi. Gicciye ne kawai zai gaya masa ba gidan sarauta ya ke kallo ba.

In ya shiga, abu na farko da zai ji a jikinsa shi ne sanyi, ko da rana ta take tsaka cikin bazara. Na biyu, in ya ɗaga kai, bakan gizo. A nan ne gwaninta ta ke, kuma ya kamata a bayyana yadda a ke yinta, don yara da yawa yanzu sun tashi ƙarƙashin kwano ba su taɓa ganin ana yi ba.

Magini ya kan fara da zaɓen ƙasa. Ba kowace ƙasa ke gini ba, jar ƙasa mai birji a ke nema. A jiƙa ta, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattaka, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sāke jiƙawa a sāke tattakawa, har ta yi danƙo. Da wata a ke mulmula tubali, mai gindi da tsini kamar ƙwai, a shanya ya bushe. Ana jera shi tsini sama, ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba a ɗora sahu sai na ƙasa ya sha iska. Wannan kowane magini ya iya. Wuyar aikin tana wajen rufi, gama azara, wadda a ke tsagawa daga kututturen giginya, gara ba ta cinta, amma in aka shimfiɗa ta ita kaɗai ba ta ɗaukar nauyin ƙasa fiye da faɗin ƙafa shida ko kusa da haka. Ɗakin da ya fi wannan faɗi sai ko a cika shi da ginshiƙai, ko a yi dabara.

Dabarar ita ce baka. Tun bango yana daidai kafaɗar mutum magini zai dasa azara cikinsa, bakinta ya ɗan leƙo cikin ɗaki. Ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wata a kanta, ta fi ta farko leƙowa, ta fi ta kwantawa. Haka zai yi ta yi daga wannan bango, abokin aikinsa na yi daga wancan, ƙafa biyu suna rusunowa sannu-sannu har su gamu a tsakiya, a ɗaure su da azara ta ƙarshe. Ba a kafa katako a ƙasa don tallafe su, kamar yadda masu ginin dutse ke yi, kowace gaɓa ita ke riƙe da ta gaba da ita. In an gicciya baka da baka, suka raba rufin gida-gida, sai a shimfiɗa gajerun azara a kowane gida, a sa zana ko kara, a zuba ƙasa, a yi mata tudu don ruwa ya gangara zuwa indararo. Akwai ɗaurin guga, akwai kafin laima, kowane da yadda ƙafafunsa ke haɗuwa. Da wannan hikima gwanaye suka rufe ɗakin da ya haura ƙafa ashirin ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya.

Saura kariya daga ruwa. Bango a kan shafe shi da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi kuwa da laso, shi kuma haɗi ne na katsi daga karofin marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Mai karatu ya duba ya gani, rufin soro ɗaya sai da marini da majemi da mai saran giginya suka sa hannu. In karofi ya mutu, laso ya mutu. Ba lalacin magina kaɗai ya kawo ƙarshen sana'ar nan ba, sana'o'in da ke ciyar da ita ne suka janye ɗaya bayan ɗaya.

A nan wani almajiri zai tambaya, shin ya halatta Musulmi ya shiga irin wannan wuri? Mai Risala ya lissafa majami'u cikin wuraren da aka hana salla a cikinsu, masu sharhi kuma suka ba da dalili, watau tsoron najasa da kuma surori. Marubutan tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, sa'ad da ya karɓi Baitul Muƙaddas, babban limamin Nasara ya zaga da shi, lokacin salla ya yi suna cikin majami'a, ya ƙi yi a ciki, ya fita waje, don kada Musulmin baya su ce Umar ya yi salla a nan su ƙwace wurin. Salla dai magana ce dabam, halartar ibadarsu magana ce dabam, duban aikin magini kuma magana ce dabam, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da ladabi ya ke bukata a fili ya ke: kada a je ran Lahadi ko lokacin da su ke taro, a yi sallama a nemi izini wurin masu kula da wurin, a kame baki daga gardama. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga ba, ya zaga ta waje, rabin abin kallon a can ya ke. Game da surori kuwa, 'yan C.M.S. ba al'adarsu ba ce kafa mutum-mutumi a wurin ibada. Adon wannan ɗaki a jikin ƙasarsa ya ke.

Ba haka abin ya ke a manyan majami'un Turai ba, musamman na ɗariƙar Katolika. Can kusan kowace katidiral tana da ɗakin taska, inda a ke ajiye kayan ibada na zinariya da azurfa, da rigunan limamai, da littattafan hannu, da zane-zane, mutane na biyan kuɗi suna shiga kallo. Wadda ta fi cancanta malaman ƙasar nan su san labarinta ita ce ta Ƙurɗuba a Andalus, ƙasar Sifen ta yau, don can al'amarin ya zo a juye: a Wusasa an gina majami'a da fasahar masallaci, a Ƙurɗuba masallacin ne kansa ya zama majami'a.

Sunan garin ba baƙo ba ne a zaurukan karatu. Muwaɗɗa da a ke karantawa a nan ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, mutumin Ƙurɗuba. Abu Amru Addani, wanda alarammomi ke komawa gare shi kan ƙira'a da rasamin Mus'hafi, can aka haife shi. Haka Alfazazi mai Ishiriniya, haka Alƙurɗubi mai tafsiri. Masallacin da irin waɗannan suka yi salla a ciki Abdurrahman Addakhil ne ya fara shi wajen 785, sarakunan bayansa suka yi ta ƙara shi har kusan shekara ɗari biyu. Alhakam na biyu ya yi masa mihirabi da ƙananan duwatsun ƙarau masu ruwan zinariya, da ayoyi a rubutun Kufi, mai aikin kuwa daga wurin Sarkin Rum aka aiko shi. A 1236 Nasara suka ci garin, suka mai da masallacin majami'a. A 1523 aka fasa tsakiyarsa aka ta da wani dogon gini irin nasu, hasumiyar kuma daga baya aka lulluɓe ta da ginin ƙararrawa. Ana ba da labari cewa sarkin da ya ba da izinin aikin, da ya zo ya gani, ya yi nadama, ya ce an ɓata abin da babu irinsa don a gina abin da ke ko'ina. Duk da haka ginshiƙai fiye da 800 suna nan tsaye, da bakunansu hawa biyu, ja da fari, mihirabin ma yana nan. Ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, wannan kuwa abu ne mai ciwo ga duk wanda ya san abin da wurin ya ke a dā.

Dab da mihirabin ɗakin taskarsu ya ke. Abin da suka fi alfahari da shi a ciki wata 'yar hasumiya ce ta azurfa da zinariya, ta fi tsayin mutum, aikin wani maƙeri Enrique de Arfe a farkon ƙarni na 16, wadda a ke fitowa da ita a zaga gari sau ɗaya a shekara. Amma akwai abin da ya fi wannan taɓa zuciya a wani gefe na ginin, ba kuwa zinariya ba ne. Masassaƙan dutsen da suka yi aikin faɗaɗa masallacin a ƙarshen ƙarni na 10 sun bar alamunsu da sunayensu a jikin ginshiƙai, da haruffan Larabci. An bi an kwafe su ɗaya-ɗaya, an jera a bango. Shekara dubu ke nan, ga sunan lebura ana karantawa. Har bayan cin garin ma, sarakunan Nasara sun ɗora wa magina da masassaƙa Musulmi da suka rage aikin gyaran ginin, don su suka san sirrinsa.

A ƙasar Hausa kuwa sunan magini bai cika wuce jikokinsa ba. Babban Gwani ne ya tsira daga mantuwa, shi ma rabin labarinsa ya zama tatsuniya, har ana cewa wani sarki ya kashe shi bayan ya gama masa masallaci don kada ya gina wa wani irinsa. Gidan da a ke danganta masa a Kafin Madaki ta ƙasar Bauchi yana cikin gine-ginen farko da gwamnati ta sa a ƙarƙashin kariyarta, a 1956.

Ba a ce ba a yi kome ba. Gidan Makama a Kano ya zama gidan kayan tarihi. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ita ma ginin ƙasa ce, ita ma an mai da ita haka, kuma ta fi kusa da mutumin Kankiya. A Jos, inda aka buɗe gidan kayan tarihi a 1952, wani masanin gini mutumin Folan, Dmochowski, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen auna gine-ginen ƙasar nan, ya sa an gina kwafin masallacin Zariya da girmansa a shekarun 1970. Sai dai ruwan Jos ba ruwan Zazzau ba ne, kuma ginin da ba a salla a ciki ba mai lura da tsagarsa kullum. Damina ta yi masa ɓarna mai yawa.

Nan ne bambancin ya ke. Ginin dutse ya kan jure sakaci na shekaru, ginin ƙasa ba ya jure na damina biyu. Abin da ya tsai da majami'ar Wusasa kusan shekara ɗari ba wani asiri ba ne, jama'a ce ke shiga cikinta, suna ganin inda ya ɗiga, suna kiran mai yaɓe. Wani kuskure kuma da ya yawaita a garuruwa shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti, a ce an huta. Siminti ba ya numfashi. In ya tsage ruwa ya shiga ta baya, ba shi da hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye, azara ta ruɓe, waje kuwa sumul, har ranar da abin zai zo gaba ɗaya.

Maganar ɗakin taska ma ta shafi malamai kai tsaye. Musulmin ƙasar nan ba su da mutum-mutumi, amma suna da nasu kayan ado na addini: Alƙur'ani rubutun hannu da tawada baƙa da ja da rawaya, zayyanar da ke kan hizifi da subu'i, allon sauka, gafaka ta jar fata aikin dukawa. An tara waɗansu a Jos, da Gidan Arewa a Kaduna, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Mafi yawa kuwa suna cikin adaka a ɗakunan magada, inda gara da ɗigon rufi ke karanta su. Attajirin da ya iya ba da buhun siminti ɗari don a rushe tsohon masallacin garinsu a sāke, bai fi ƙarfin ya gina ɗaki ɗaya busasshe a gefensa ba, a sa akwatin gilashi, a rubuta sunan wanda ya rubuta kowane Mus'hafi da garinsu da shekararsa. Ya kuma kyautu, in za a yi sabon masallaci don jama'a ta yi yawa, a nemi fili a gefe, a bar tsohon ga masu karatu da masu i'itikafi, muddin masana sun duba sun ce ba shi da haɗari. Rai ya fi gini, abin da ya faru a Zariya ya isa shaida. Amma tsakanin a bar gini ya faɗa kan mutane da a kawo katafila a share shi, akwai hanya ta uku, ita ce gyara a kan kari.

Masu cewa zamanin ginin ƙasa ya wuce, su tambayi fataken da ke zuwa Mali. Babban masallacin Jenne, wanda aka sāke ginawa a 1907, duk shekara gari ke fitowa rana ɗaya, maza na yaɓe, mata na ɗebo ruwa, yara na kwaɓa ƙasa. Hasumiyar Agadas tana tsaye tun gyaran 1844, da itatuwanta a soke a jiki don masu yaɓe su taka. Mafi kusa kuma, a ƙauyen Yama cikin jihar Tawa a Nijar, wani magini Bahaushe manomi, Falke Barmu, ya fara wa garinsu masallacin Jumma'a na ƙasa a 1962, mutanen gari na kawo tubali da ruwa da itace, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Daga baya ya sāke masa rufi da baka da tulluwa, ya ƙara masa hasumiya huɗu, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 aka ba aikin kyautar Aga Khan, wadda a ke bai wa fitattun gine-ginen duniyar Musulmi. Daga Katsina, ta Jibiya da Maraɗi da Birnin Ƙonni a ke zuwa.